Nutso da Tukunyar Iska a Kan Jirgin da Ya Nutse: Abin da Gwanin Gulbi Ya Kamata Ya Sani

A garuruwan bakin kogin Haɗeja, tun daga Ringim zuwa Auyo har Guri, da ƙauyukan da ke kewaye da dam ɗin Tiga, ba a rasa gwanayen nutso. Akwai mutumin da zai ja numfashi sau ɗaya ya ɓace a gulbi, sai ka fara salati kafin ya ɓullo da kifi a hannu, ko ya kwance tarun da ya sarƙe a kututture. Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, samari kan nuna wa irin waɗannan dattawa bidiyon wasu mutane suna shawagi a ƙarƙashin teku da tukunya goye a baya, suna leƙa tagogin tsohon jirgin ruwa da ya nutse, kifaye kala-kala na kewaya su. Dattijo ya kan kalla ya ce, kai yaro, wannan ai wasa ne, mu da muka shiga hannu rabbana, balle a goya mana iska. Saurayi ya ce haka ne, Baba, a wuce wurin.

To, ba haka ba ne, kuma ba don Baba bai iya ruwa ba. Abin da jikinsa ya saba da shi tun yana yaro, wato riƙe numfashi, shi ne abu na farko da ke kashe mai nutso da tukunyar iska. Inda ya fi yin kisa kuwa ba can ƙasa mai duhu ba ne. A ruwa marar zurfi ne, daidai inda yawancin jiragen cikin bidiyon suke kwance.

Ɗauki ƙwarya ka kifa ta a kan ruwa yadda mata ke yi in za su yi kiɗa, sannan ka danna ta ƙasa. Iskar da ke ciki ba ta da hanyar fita. Da za ka iya kai ta zurfin mita 10, iskar nan za ta takure ta koma rabi, ruwa ya hau ya cike sauran rabin. A mita 20 ta koma kashi ɗaya cikin uku, a mita 30 kashi ɗaya cikin huɗu. Dalili shi ne iskar sararin sama tana danne mu da nauyin da ba ma ji saboda sabo, kuma kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara wani nauyin daidai da shi. Wani masani mai suna Robert Boyle ne ya rubuta wannan ƙa'ida a 1662. Abin lura a lissafin shi ne babban canji yana faruwa ne a mita goman farko. Daga mita 30 zuwa 40 bambancin kaɗan ne, amma tsakanin saman ruwa da mita 10 ninki ne cur.

Masunci yana cika huhunsa a sama. Idan ya sauka iskar ta takure, idan ya taso ta koma yadda take, ba abin da ya ƙaru. Mai tukunya kuwa a can ƙasa yake cika huhunsa, da iskar da na'ura ta ba shi daidai da matsin ruwan wurin. Numfashi ɗaya a mita 10 numfashi biyu ne na sama aka cusa a wuri ɗaya. Idan wani abu ya firgita shi ya rufe maƙogwaro ya harbo sama, iskar za ta kumbura a ƙirjinsa har ƙananan jakunkunan huhu su yage, kumfa ta shiga jini, ta iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa cikin mintuna kaɗan da fitowarsa. Ba sai an taso daga nesa ba, mita ɗaya da 'yan kai kusa da saman ruwa ta isa idan huhu a cike yake. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Ko bututun ya kuɓuce daga bakinsa, ya ci gaba da fitar da 'yar kumfa. Kuma ba a yarda mai tukunya ya ba wa mai nutson gargajiya numfashi ko ɗaya a ƙasa ba, domin da shi zai taso a riƙe, yadda ya saba.

Kunne ma matsin nan ne ke damunsa, wannan kuwa kowane ɗan su ya sani. Mai tukunya yana toshe hanci ya hura a hankali tun daga mita ta farko, yana maimaitawa kafin zafi ya zo. Mai mura ba ya shiga, don hanyar da ke tsakanin hanci da kunne ta toshe.

Kayan aikin ba su da yawa. Tukunya ce ta ƙarfe ko ta alminiyam mai cin lita 11 ko 12, ana dura mata iska da ƙarfin da ya ninka na sararin sama sau 200, wato kimanin lita 2,400 a matse. Mutane da dama suna ɗauka iskar oksijin ta asibiti ce a ciki. A'a, iskar da muke shaƙa ce, an tace ta an busar da ita: kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin. Tsantsar oksijin guba ce idan aka wuce mita 6, tana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, mai jijjiga a ƙarƙashin ruwa kuwa sai dai a ce Allah ya jiƙansa. Na'urar da ke rage ƙarfin iskar ta miƙa ta baki a duk lokacin da mutum ya ja, ita ce zuciyar aikin, kuma Faransawa biyu ne, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka ƙera ta a 1943. Sai gilashin fuska, da takalmin iyo mai faɗin baki, da ɗamarar darma don ta rinjayi jiki ƙasa, da falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta don mutum ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ba ya sama ba ya ƙasa. Akwai agogon da ke nuna sauran iska, da ƙaramar kwamfuta ta ɗaurawa a hannu mai lissafin zurfi da lokaci.

Me ya sa aka fi son jirgin da ke ruwa marar zurfi a ƙasashen zafi? Da farko iska na daɗewa. Mutumin da ke shan lita 20 a minti ɗaya a sama, lita 40 zai sha a mita 10, lita 80 a mita 30. Tukunyar da za ta kai shi kusan awa ɗaya a mita 10, rabin awa ma da ƙyar a mita 30, ga kuma ajiyar da dole a fito da ita. Sai haske. Ruwa yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya, ja ne ke fara ɓacewa tun wajen mita 5, shi ya sa hoton da aka ɗauka can ƙasa ba tare da tocila ba yake fitowa shuɗi-shuɗi. Sai ɗumi: ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu, don haka tekun da ke digiri 27 ko 28 rahama ne. Murjanin nan da ake yin tsakiya da shi, a teku halitta ce mai rai, yana da dangi iri-iri, kuma masu gina tsaunukan ƙarƙashin ruwa daga cikinsu suna son ɗumi da hasken rana. Idan ƙarfen jirgi ya kwanta a kan yashin da ba komai, sai su sami wurin kamawa. Ƙananan kifaye su zo fakewa, manya su biyo su farauta, cikin 'yan shekaru kufai ya zama gari.

A ƙauyen Tulamben da ke tsibirin Bali na Indunusiya akwai irin wannan jirgi, sunansa Liberty, na dakon kayan sojan Amurka. Jirgin yaƙin Japan mai tafiya ƙarƙashin ruwa ne ya harbe shi a watan Janairun 1942. Aka ja shi, ruwa ya yi masa yawa, aka jingine shi a bakin gaɓa. Shekara 21 yana nan, har 1963 da dutsen Agung ya yi aman wuta, girgizar ta ture shi cikin teku. Tsawonsa ya kai mita 120, samansa na wajen mita 5 ƙarƙashin ruwa, gindinsa wajen mita 30, kuma da ƙafa ake shiga daga gaɓa, ba a bukatar kwale-kwale. Ƙauyen masunta ne da, yau jirgin nan ne kasuwarsu. Matan garin ne ma ke dakon tukwanen iska a ka zuwa bakin ruwa, sana'a ce da ake biyansu.

Wanda ya fi kusa da tarihinmu yana Bahar Maliya, dab da Fot Sudan, gaɓar da kakanninmu masu zuwa Hajji ta ƙasa suke isa bayan watanni ko shekaru a hanya, su tsallaka Jidda daga nan ko daga Suwakin. Ta Fot Sudan ɗin ne kuma aka kwaso wasu daga cikin ɗalibanmu da yaƙin Sudan ya ritsa da su a 2023. Jirgin sunansa Umbria, na Italiya ne, tsawonsa ya haura mita 150. A watan Yunin 1940 ya ratso mashigin Suwez ɗauke da bama-bamai kimanin 360,000 da siminti da motoci ƙirar Fiat, zai kai wa sojojin Italiya da ke Iritiriya. Sojojin ruwan Ingila suka tsare shi a wajen Fot Sudan da sunan bincike, alhali jira suke Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu su ƙwace kayan. Ranar 10 ga Yuni kyaftin ɗin ya riga su jin sanarwar shiga yaƙin a rediyonsa. Sai ya nemi izinin yi wa ma'aikatansa atisayen kwale-kwalen ceto, aka ba shi, ashe ya sa an buɗe wa ruwa hanya a ƙasan jirgin. Kafin Ingilishi su farga jirgi ya tafi. Yana nan kwance a kan gefensa na hagu, wani sashe kusa da saman ruwa, mafi zurfinsa bai kai mita 40 ba, bama-baman kuma suna jere a rumbunansa har yau. Masu nutso suna wucewa ta kansu suna ɗaukar hoto, ba mai taɓawa.

Kewaya jirgi ta waje da shiga cikinsa abu biyu ne daban, kuma a nan ne bidiyo ke yaudarar mai kallo. A waje, idan matsala ta taso sama a buɗe take. Haɗarin bai wuce ƙarfe mai tsatsa da ke yanka ba, da tsofaffin taruna da zaren ƙugiya da suka maƙale, da wani murjani mai ƙuna idan fata ta goge shi, da kifi mai ƙayar dafi da ke lafewa ya saje da dutse. A ciki kuwa akwai rufi a kanka. Jirgin da ya kwanta a gefe, bangonsa ya zama ƙasa, ƙofa ta koma sama, matakala ta miƙe a kwance, hankali ya rikice. Laka mai laushi ta shekara da shekaru tana kwance a ko'ina. Bugun ƙafa ɗaya na rashin iyawa zai tayar da ita, kumfar numfashinka kuma ta kakkaɓo tsatsa daga rufi, ɗakin da kake gani tar ya zama ko tafin hannunka ba ka gani, tocila ma ba ta da amfani. Waɗanda suka mutu a irin wannan wuri, da yawansu ƙofa na kusa da su, iska ce ta ƙare suna lalube. Saboda haka masu shiga ciki suna da horo na daban. Suna ɗaura igiya a bakin ƙofa suna warware ta suna tafiya, suna riƙe tocila fiye da ɗaya, suna raba iska uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba a taɓa shi sai ta ɓaci. Takardar shaidar farko da ƙungiyoyin horar da masu nutso irin su PADI ke bayarwa iyakarta mita 18, kuma ba ta ba mutum izinin kutsawa cikin jirgi ba. Ba a kuma nutso mutum ɗaya, kowa da abokinsa da zai miƙa masa bututun ajiya.

Sai maganar naitirojin, wadda ta fi wuyar ganewa don ba a jin ta tana shiga. Jiki ba ya amfani da ita, amma a ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka da kitse, gwargwadon zurfi da daɗewa. Idan aka taso a hankali tana fita ta numfashi. Idan aka yi gaggawa sai ta zama kumfa tun tana cikin jiki, ta zauna a gaɓoɓi ko a lakar baya, ta jawo ciwon gwiwa da kafaɗa, ko mutuwar ƙafafu, ko ajali. Likita John Scott Haldane ne ya fitar da jadawalin farko na tasowa mataki-mataki ga sojojin ruwan Ingila a 1908. A jadawalin PADI, mutum na iya yin minti 147 a mita 12, minti 56 a mita 18, minti 20 kacal a mita 30. Ga wata fa'idar jirgi marar zurfi ke nan: yawanci iskarka za ta ƙare kafin lokacinka ya cika. Duk da haka ana tasowa ne sannu, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan an yi da yawa.

Ɗan Najeriya ne ya zama misalin da duniya ke bayarwa a wannan babi. Ranar 26 ga Mayun 2013 wani jirgi mai jan manyan jirage, mai suna Jascon 4, ya kife a tekun yankin Neja Dalta, ya kwanta a zurfin mita 30 da mutum 12. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya laluba cikin duhu ya sami wani lungu da iska ta maƙale, kamar dai ƙwaryar nan da aka kifa. Kimanin awa 60 ya yi a wurin. Masu nutson da aka turo ɗauko gawarwaki ne suka ga hannu ya kamo ɗayansu. Abin da ya kamata a lura da shi, ba su fito da shi sama kai tsaye ba, duk da mita 30 tafiyar 'yan mintuna ce. Jikinsa ya riga ya ƙoshi da naitirojin, fitowa haka nan kashe shi za ta yi. Sai suka sa shi a wani ɗakin ƙarfe da ke riƙe matsi, aka ɗago shi a ciki, aka yi fiye da kwana biyu ana rage matsin kaɗan-kaɗan. Shi kaɗai ya tsira, daga baya kuma ya koyi aikin nutso ya zama sana'arsa.

Ba kowane jirgi ne wurin yawon buɗe ido ba, ko da masu kwale-kwalen haya sun mai da shi haka. A watan Disambar 1991 jirgin fasinja Salem Express ya taso daga Jidda zuwa Safaga ta Masar, cike da mutane, cikinsu har da masu dawowa daga ƙasa mai tsarki. Ya bugi tsaunin murjani da dare cikin hadari ya nutse cikin mintuna, mutum fiye da 400 suka rasu a ƙidayar hukuma. Ba a iya fito da dukkan gawarwakin ba. Yana kwance tsakanin mita 12 da 30, akwatuna da kayan tsaraba na warwatse a ƙasa, kuma ana kai masu nutso. A ganina wannan maƙabarta ce, wanda ya je ya kewaya ta waje ya yi wa mamata addu'a ya isa, kutsawa ɗakunan fasinja da kyamara rashin ta ido ne. Ɗaukar kaya daga kowane jirgi kuwa, ko cokali ne, yawancin ƙasashe sun hana. Akwai yarjejeniyar UNESCO ta 2001 da ke kare abin da ya shekara 100 a ƙarƙashin ruwa, Najeriya ta amince da ita a 2005.

Mu da teku ke nesa da mu da tafiyar yini guda a mota, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne mu ma muna da abin da ke nutsewa. Ranar 30 ga Nuwambar 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, yawancin waɗanda ke ciki yara ne 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. A irin wannan rana masunta ne ke fara faɗawa ruwa da numfashinsu kawai. Babu shakka kowace ƙaramar hukuma da ke da dam tana bukatar mutane masu horo da kayan nutso, kuma 'ya'yan masunta ne suka fi dacewa a tura, don ba sa tsoron ruwa. Sai dai a tace su tukuna. Mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya da mai sikila ba aikinsu ba ne, komai ƙwarewarsu a iyo.

Kuma aikin da zai tarar a gida ba irin na bidiyo ba ne. Ruwan dam da damina ja ne, ba a ganin komai, da hannu ake lalube, ga bishiyoyin da ruwa ya shanye a tsaye, ga tsofaffin taruna, a fadamar Haɗeja ga kacala. Mai nutso a nan yana ɗaure da igiya ne, wani a sama na riƙe da ita suna magana da fizga. Akwai ma wani lissafi da ba a cika tunawa da shi ba: jadawalin nan an yi shi ne don gaɓar teku, duk wurin da ya haura mita 300 a tudu sai an yi masa gyara, Kano kuwa tana kusan mita 480. Wanda ya koyo a Legas ko a Masar ya zo Tiga da lissafin can, ya ba kansa lokacin da ba shi da shi.

Abin da na fi jin tsoro shi ne dabara. Mutanenmu akwai hikimar hannu, ba wuya wani ya kalli injin mai faci ya ce ai iska iska ce, ya jona masa doguwar tiyo ya sa a baki ya shiga ɗebo yashi ko ciro injin ban ruwa da ya faɗa. Ana yin haka a Filifin, masu kamun ƙaguwar teku a gaɓar Honduras da Nikaraguwa kuma suna nutso ba jadawali ba horo, ƙauyukansu cike da samarin da ƙafafunsu suka mutu. Injin faci yana haɗa iska da tururin mai, yana kuma iya zuƙo hayaƙin salansarsa, irin hayaƙin janareto da ke kashe iyali a ɗaki. A ƙarƙashin ruwa ninkinsa ake shaƙa da kowane numfashi. Idan injin ya mutu kuma, mutum zai harbo sama da huhu a cike.

Idan har ta faru, aka ga wanda ya shaƙi iska a ƙarƙashin ruwa ya fito yana jiri, ko yana tarin jini, ko gaɓoɓinsa na ciwo, ko wani sashen jikinsa ya mutu, ko da bayan awanni ne, kada a ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi a tsaya turare, kada kuma a mayar da shi ruwa da sunan gyara. A kwantar da shi, a garzaya asibiti a sa masa tsantsar oksijin, a gaya wa likita zurfin da ya kai da daɗewar da ya yi. Cikakken maganin shi ne ɗakin matsin iska irin wanda aka sa Okene, kuma kamfanonin da ke aikin nutso a yankin mai na bakin teku su ne ke ajiye da irinsa, don haka tun daga asibitin farko ya kamata a fara neman hanyar kai shi can.